Makar alkohol: abin da za ka duba kafin ka zuba kuɗɗinka a zafin Sakkwato

Makar alkohol ita ce wagga maka mai baki biyu da kuke gani a hannun masu zane a TikTok da Instagram, wadda in anka shafa kala sai ta kwanta sumul babu layi-layi, ja ya shige cikin ruwan goro ba ka ga inda sunka haɗu ba. Yanzu ta fara shigowa hannun mutanenmu nan Sakkwato, teloli masu zana ɗinki kafin su sa almakashi, ɗaliban zanen gini, 'yan mata masu haɗa katin biki da kwalin kyauta, har da masu lalle da ke koyon fulawa a takarda. Kuma kusan kowa hanya guda yake bi wurin saye, a nemo set ɗin da ya fi yawan kala a kuɗɗi kaɗan a danna oda. To ni dai a wurina yawan kala shi ne abu na ƙarshe da za ka duba. Bakin makar, da yadda kalolin sunka jeru daga mai haske zuwa mai duhu, da takardar da za ka shafa a kai, da murfin da zai iya da zafin garin nan, su ne maganar.

Ka fara sanin mi ke cikinta don shi zai sa sauran bayanin ya zauna ma. Tawadar rini ce anka narkar a cikin alkohol, ba a cikin ruwa ba. Alkohol na bushewa nan da nan, kuma ba ya jiƙa takarda ta kumbura ta yi gashi-gashi yadda makar yara mai ruwa ke yi in ka maimaita wuri guda, shi ya sa kake iya bi sau biyu sau ukku, kuma sabuwar tawadar na sake narkar da ta ƙasa su cakuɗe. Amma tunda rini ne, dokar marina ce ke aiki, farin yadi ka rina shi shuɗi ba gardama, baƙin yadi kam ba ya komawa ruwan hoda. Kala mai haske ba ta rufe mai duhu, kuma babu farar makar alkohol, farin takardarka shi ne farinka, in ka cinye shi ya tahi kenan sai dai ka nemo farin biro na jel ka ɗiga a sama.

Na san tambayar da ke ran wasu tun da sunka ji sunan, wato ko giya ce a ciki kuma ko ya halatta a taɓa ta. Abin da ke ciki dangin sifirit ɗin asibiti ne da sanitaiza da wanda ke cikin turaren fesawa, kuma yana bin iska cikin 'yan daƙiƙu ya bar rinin. Hukuncin taɓa jiki ko tufa magana ce ta malamai, sun daɗe suna bayani a kanta wurin zancen turare, ka tuntuɓi malaminka ka samu natsuwa. Wanda ba ya buƙatar dogon bincike shi ne wanga: kar a kuskura a yi rubutun allon da za a wanke a sha da wagga maka, tawadar gargajiya ke da wanga aiki. Kuma ba lalle ba ce, ba a zana ta a fatar mutum, ba a rubutu da ita a kan kek ko wani abin ci.

Matakin farko, aikin mi za ka yi da ita?

Tela abin da yake so ya nuna wa kwastoma shi ne yadda shadda za ta zuba, inda za ta karye, inda aikin wuya zai zauna, to shi ruwan toka da ruwan ƙasa da 'yan kaloli masu ƙarfi sun ishe shi. Ɗalibin zanen gini toka yake ci kamar ba gobe, sai kore na itatuwa da kalar katako da ta laka. Mai katin biki ita kalolin sanyi take so, ruwan hoda, ruwan madara, ruwan omo, algashi (wato purple) mai haske, kuma ki sani tun yanzu kalar gwal mai ƙyalli ba a dangin nan take ba, daban ake sayenta. Mai littafin shafa kala shi ma ya duba littafinshi, in gaba da baya anka buga zanen to duk shafin da ka shafa ka kashe na bayanshi.

Akwai kuma waɗanda zan ce su riƙe kuɗɗinsu. In allon shago za ka rubuta ko wani abu da zai kwana ya wuni a rana, fenti za ka nema ko makar fenti irin Posca, don rini ba ya jure rana, ranar Sakkwato kuwa ba sai na faɗa ma ba. In yaran firamare za ka saya wa, sai musu mai ruwa, tana fita a wanki, wagga in ta hau farar shadda sai haƙuri.

Mataki na biyu, baki

Iri ukku ne, kuma yawanci kowace maka na ɗauke da biyu daga ciki. Akwai mai faɗi wanda anka yanke a karkace irin fiƙar alƙalami, shi ke cika wuri mai faɗi da sauri, kuma mai son rubutun larabci na ado zai ji daɗinshi don yana ba da kauri da siranta gwargwadon yadda ka juya hannu. Akwai siriri mai tauri, na lungu da ƙananan wurare. Sai kuma burushi, mai laushi mai lanƙwasa, wanda shi ne dalilin da ya sa zanen da kake gani a bidiyo ke fita haka. Da burushi kake danna hannu ka ja ka ɗaga a hankali, sai kalar ta fara da ƙarfi ta ƙare a siririn wutsiya, kuma a kan wagga wutsiyar ce kala ta biyu ke hawa su narke. Da baki mai tauri ma ana yi amma sai ka sha wuya, za ka yi ta zagaye kana jiƙa takarda.

Set masu arha sosai kusan duka mai faɗi ne da siriri, babu burushi, shi ya sa sunka yi arha. In fulawa za ki riƙa yi ko karyewar tufa ko fuska, ki daure ki ƙara kuɗɗi ki ɗauki mai burushi ko da kalolin sun ragu da rabi. In zanen gini ne ko manyan haruffa, mai faɗi da siriri ya wadatar, kar ka biya kuɗɗin abin da ba za ka taɓa ba.

Shi ma burushin suna ya tara. Mai kyau in ka kwantar da shi ka ɗaga sai ya miƙe ya koma tsininshi, mara kyau kwana kaɗan bakin ya baje ya yi buzu-buzu, daga nan layi siriri ya gagara. Na makar kamfanin Ohuhu ana iya zare shi a juya ɗaya gefen in ya gaji, na makar da ake ce wa Copic kuma ana sayar da bakin daban a canza. Ka ɗan kula da jikin makar ma, mai zagaye na gangarowa daga tebur ta faɗi, mai kusurwa ko mai ɗan faɗi tana zama inda ka aje ta.

Mataki na ukku, nan ne mutane ke zubar da kuɗɗi

Kala ukku-ukku ake saye. Kowace kalar da kake so ka nemi mai haskenta da ta tsakiya da mai duhu, 'yan gida ɗaya. Maka 12 da sunka kasu gida huɗu haka sun fi ma amfani a kan 60 da kowace ke harkar gabanta, don za ka buɗe jaka ka tarar da ja jawur har kala shida masu kama da juna amma babu ja mai haske ko ɗaya da za ka fara da shi, kore shar ga su nan birjik, mai sanyi babu. Set masu arha sun fi cika da kaloli masu ƙarfi don su ke ɗaukar ido a hoto, alhali a wurin aiki masu haske su ne ke fara ƙarewa.

Lambar da ke kan murfi ita ke gaya ma wanga, kuma tsarin Copic ya fi sauƙin ganewa. Harafi shi ne gidan kalar, B shuɗi, R ja, Y ruwan ɗorawa, G kore, YR ruwan goro, V algashi, E kalolin ƙasa. Lamba ta farko na nuna ƙarfin kalar, in ƙarama ce kalar na da kaifi, in ta yi sama ta fara surkuwa da toka. Lamba ta ƙarshe ita ce haske da duhu, 0 da 1 haske, 8 da 9 duhu. Kenan B21 da B24 da B28 gida ɗaya ne, ka bar harafi da lambar farko yadda suke ka riƙa tsallaka ta ƙarshe da biyu ko ukku ko huɗu. Haka R22, R24, R27. Sauran kamfanoni kowa da nashi tsari, wasu ma lambar jeri ce kawai ba ta nufin komi, a nan idonka ne zai yi aiki ba lamba ba. Kamfanin Spectrum Noir na Ingila har maka garesu mai suna TriBlend wadda anka haɗa ukkun a jiki guda, ka ga su ma sun san inda gizo ke saƙa.

Ga yadda ukkun ke aiki, mu ɗauka babbar riga shuɗiya ka zana kana so ka fitar da karyewar da ke saukowa daga kafaɗa. Ka shafe wurin duka da B21. Tun bai bushe ba ka ɗauki B28 ka ja a can cikin lungun karyewar kawai, layi siriri, sai ka bi gefen layin da B24 kana ɗan hawa kanshi kana ja zuwa waje, sannan ka dawo da B21 ka bi inda B24 ya ƙare kana gogawa har iyakar ta ɓace. Gefen da haske ke bugawa kar ka sake taɓa shi. Sirrin duka a jiƙe ake yi, kuma nan garin namu ke da nashi hali, iskarmu busassa ce balle da hunturu, tawadar na bushewa kafin ka rufe murfi ka buɗe wani. Don haka ka riƙa ɗaukar wuri kaɗan, kamar faɗin yatsu ukku, ka gama da shi ka matsa, ka cire murfin ukkun gaba ɗaya ka riƙe a hannu, kuma ka kauda fanka daga kan tebur. E na sani, a watan Afrilu wanga magana ce mai nauyi.

Ruwan toka kar ka raina shi, shi ke yin inuwa, kuma farar shadda da toka mai haske ake fitar da ita tunda babu farar maka. Akwai mai sanyi da ke ɗaukar harafin C wanda ya karkata wajen shuɗi, na ƙarfe da gilashi da farin yadi, akwai mai ɗumi W da ya karkata wajen ƙasa, na bango da katako. C1, C3, C5 sun isa farawa.

Sai kalar fata. Set da yawa da anka rubuta wa na fata, in ka duba rabi ko fi duk na farar fata ne, ruwan hoda-hoda, mu kuwa ba haka muke ba. Ka buɗe hoton ka ƙirga ruwan ƙasa masu duhu nawa ne a ciki kafin ka biya. A Copic irin su E25, E27, E29 ko E35 da E37 su ke fitar da mu, kuma in ka ɗan sa algashi mai duhu a inuwar ƙarƙashin haɓa fatar na yin rai fiye da ka sa baƙi. Wanda ba ya zana mai rai, kamar telolin da ke barin wurin kai fili, shi ma ruwan ƙasan nan zai mai aiki wurin takalmi da jaka da ginin laka.

Za ka ga wata a set mara kala, lambarta 0, ana ce mata bilenda. Alkohol ne zalla. Mutane na zaton ita ke haɗa kala, a gaskiya tura kala take yi tana korarta, amfaninta in ka tsallake layi ka bi da ita daga waje kana tura kalar ta koma ciki, ko ka ɗiɗɗiga ta a kan kalar da ta bushe ta fitar da ɗigo-ɗigo masu haske irin zanen jikin shadda.

In ka tambaye ni adadi, tsakanin 24 da 48 ya ishi mai farawa, in har akwai masu haske da toka a ciki.

Mataki na huɗu, wane kamfani

Copic ita ce uwa a harkar, kamfanin Too na Japan ya fito da ita a 1987. Iri ukku aka fi sani, Classic mai kusurwa huɗu da kala 214, Sketch mai burushi da kala 358, sai Ciao ƙaramar cikinsu mai kala 180 wadda burushinta iri ɗaya ne da na Sketch, tawadar da take ɗauka ce ba ta kai ba, kuma ta fi sauƙin kuɗɗi. Abin da ya ɗaga Copic shi ne ba a yar da ita, in ta ƙare ka sai kwalbar tawada mai lambarta ka ɗura, kwalba guda na cika maka sau da dama, kuma ana sayar da ita ɗaya-ɗaya. Matsalar kuɗɗin, abin da za ka biya a guda ɗaya zai sayo ma biyat ko fi na masu sauƙi, kuma da dala ta motsa sai farashin ya bi ta. Sannan kwalbar tawadar abu ne mai kama wuta, ba kowane mai kawo kaya ta jirgi ke yarda ya ɗauko ta ba, ka tambaya kafin ka gina lissafinka a kan ɗuri.

Ohuhu ita ce mafi yawan masu farawa ke kamawa, kuma gaskiya ta cancanta. Ka dai lura da sunan, Honolulu burushi ne da mai faɗi, Honolulu B burushi da siriri, Oahu kuma babu burushi, siriri ne da mai faɗi. Set ɗinsu na kaiwa har 320 amma ka ji abin da na ce a sama. Akwai Touch ta kamfanin ShinHan na Koriya ta Kudu, ita ma ana ɗura mata tawada, akwai Promarker ta Winsor & Newton. Sai kuma tarin marasa asali masu zuwa a baƙar jaka mai zif, 60 ko 80 a farashin banza, wasu har sunansu na kwaikwayon na manya. Ban ce kar a saya ba, don koyon hannu suna yi, amma ka sa a ranka wasu za su iso a bushe, kalar murfi daban ta ciki daban, kuma in guda ta ƙare ba ka da inda za ka samo irinta.

Dabarar da na fi so ita ce a gauraya. Ka sai set mai matsakaicin kuɗɗi, ka yi aiki da shi, kalolin da ka ga suna fara ƙarewa su ne naka, su za ka saya ɗaya-ɗaya a mai tsada. Duk alkohol ne, suna haɗuwa a takarda ba faɗa. Kuma in ka ga Copic a farashin da ya yi daɗi da yawa, ka ja baya, jabu na yawo.

Mataki na biyat, takarda da abin zana layi

Ka ware wa takarda kuɗɗinta tun farko. Takardar fotokofi mai giram 80 tana yi don gwaji, amma tana shan tawada kuma kalar na nashewa ta tsallake layi. Littafin zane na makaranta mai kaushi da takardar fentin ruwa su ne mafi muni, suna tsotse maka kuma suna cinye bakin burushi. Mai ƙyalli irin ta kalanda ita kuma tawadar ba ta shiga, sai ta zauna a sama tana yin layi. Abin da kake nema fari ne mai santsi mara ƙyalli, ko dai takardar maka ta musamman, siririya ce amma an yi mata abin da ke hana ɓulowa ta baya, ko kwali irin Bristol mai kaurin giram 200 zuwa 250. Hanya mai sauƙi, ka je wurin masu buga katin biki ka roƙi ragowar yankan farin kwali kala-kala, ka gwada a gida, wanda ya karɓa ka koma ka saya da yawa. Ko wace ka samu dai ka sa wata takardar banza a ƙasa, ɓulowa ta baya halinta ne, ba lalacewa ba ce.

Layin zanen kuma kar ka yi da biro, alkohol na narkar da tawadar biro ta dame ma aiki ta ɓata bakin makar, haka ma baƙar maka ta rubuta kwali. Ka nemi alƙalamin zane irin Sakura Pigma Micron ko Copic Multiliner, ka bari ya bushe sosai. Fensir in ya yi kauri ruwan ɗorawa na kwaso shi ya yi dauɗa, kuma duk layin da maka ta hau ba ya goguwa kuma, ka rage shi da magogi kafin ka fara. In zanen firintin ne ka gwada a gefe da maka mai haske tukuna.

Mataki na shida, gwaji

In ka zaga shagunan kayan rubutu, ko Babbar Kasuwa ko cikin gari, abin da za ka fi cin karo da shi makar farin allo ce da ta rubuta kwali, don haka ka tahi da hoton abin da kake nema a waya da guntun takardarka a aljihu. In ka dace, bayan gaisuwa ka ce, Alhaji don Allah a ba ni guda in ɗan ja a takardata, in ta yi zan ɗauka. In ya ce ba a buɗewa, ka ce to Alhaji in na kai gida na tarar da busassa zan iya dawowa da ita? Amsar da ya ba ka ita za ta gaya ma ko ka ciro kuɗɗi. Ka zaɓi mai haske ka gwada, baki biyun duka. Lafiyayya na tafiya shiru tana barin jiƙa, wadda ta fara bushewa za ka ji tana ƙara ƙii a takarda tana barin fari-fari a tsakiyar layi. Ka rufe murfin ka saurara, ya kamata ka ji ya ce ƙas. Murfin da ke shiga salin-alin ba ƙara, ko mai ɗan tsaga, a garin nan wagga makar ba za ta ga damina ba. Ka shinshina kuma, warin sifirit ne mara ƙarfi, in ka ji wari mai hawa kai irin na tina to wani sinadari ne daban.

Mafi yawanmu dai oda za mu yi, ko Jumia ko AliExpress ko Temu, ko wurin masu sayar da kayan zane a Legas da Abuja da Kano su sa a mota ka karɓa a tasha. Ka sa mai kayan ya yi ma bidiyon ainihin set ɗin a buɗe, ka karanta abin da waɗanda sunka saya sunka rubuta, musamman masu ƙorafi. In an ce kaya sun iso ka je ka karɓa a ranar, kar kwali ya wuni a rana a tasha. Da ka kai gida kar ka fara zane, ka ja layi a kwalinka ka yi gida-gida, kowace maka ka shafa ta a gidanta ka rubuta lambarta a ƙasa, rabin gidan ka maimaita sau biyu don ka ga yadda take duhu. Da wanga za ka kama busassu tun lokacin mayarwa bai wuce ba, kuma daga ranar takardar nan za ka riƙa dubawa wurin zaɓen kala, ba murfi ba.

Ajiya

Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, alkohol kuwa jira yake ya samu ƙofa. Kar ka bar su a mota, ko kan taga, ko a shagon kwano da ke rufe tun azahar, ka nemi wuri mafi sanyi a ɗaka, ƙasan durowa ya fi saman kabad. A kwance ake aje masu baki biyu don tawadar ta wadaci kowane gefe. In maka ta sha zafi iskar da ke ciki na kumbura, kana kafa baki sai ta zubo ma da ɗigo ƙato a tsakiyar aiki, maganin shi ne ka buɗe murfi biyun na ɗan lokaci kafin ka fara ka gwada a gefe. Da hunturu kuma ƙura ce, ka kakkaɓe takarda kafin ka shafa, ka rufe jaka. Nesa da risho da gas da garwashin turaren wuta. Aikin da ka gama ka ɗauke shi hoto mai kyau ko ka yi sikanin, ka aje asalin a fayil, in ka rataye shi inda rana ke bugawa ruwan hoda da algashi za su fara kwashewa kana gani.

In ba a takarda za ki yi ba

Masu aikin hannu nan abin ke musu daɗi. Tana kama roba da gilashi da farin ribon da duwatsun ado marasa kala, kenan in amarya ta kawo kalar anko kin rasa dutse ko ribon da ya dace sai ki rina farin da kanki ki bari ya bushe. Amma na ado ne kawai, yadin da za a wanke kalar na zuba. A kan fatar da anka jeme ba a rina ba, irin wadda dukawanmu ke aiki da ita, tana shiga sosai kamar rini, sai dai tana fitowa da duhu fiye da yadda take a takarda, a gwada a guntu tukuna. A katako da ƙwarya tana bin jijiya ta nashe, mai zayyanar allo makar fenti ta fi mai. Ki ware makar da kike wanga aiki da ita daban don wuri mai kaushi na kashe baki. Sannan duk abin da kinka shafa a roba ko gilashi, turaren fesawa ko sanitaiza na taɓa shi zai narke, ki gaya wa mai kayan, in kuma za ki fesa abin ƙyalli a sama ki gwada a wani guntu don wasu na sa kalar ta zuba.

Wadda ta bushe kuma ba lallai ta mutu ba, sau da yawa alkohol ɗin ne ya gudu ya bar rinin. Ka nemi alkohol ɗin da ake ce wa isopropyl, mai ƙarfi, kashi 90 ko sama, wurin masu kemis ko masu gyaran waya, ka zare baki mai faɗin da ɗan hantsaki ka ɗiga kaɗan a ciki, ka mayar ka rufe ka kwantar da ita ta kwana. Kalar za ta ɗan yi haske fiye da dauri, sai ka sake shafa ta a takardar lambobinka. Ban da ruwa, ban da turare don akwai mai a cikinshi, ban da sifirit ɗin da anka sa wa kala.